Kurkum da Ƙwayoyin Halittar Jiki: Inda Bincike Ya Kai da Inda Ya Tsaya

A 'yan shekarun nan kurkum, wanda wasu ke kira kurkur, tsofaffi kuma suka sani da gangamau, ya tashi daga kayan girki da na gyaran jikin amare ya zama abin da ake tallatawa a matsayin maganin kusan kowace cuta, tun daga ciwon gwiwa da ciwon suga har zuwa ciwon daji da mantuwar tsufa. Masu tallar ba su ƙirƙiro maganar daga kansu ba, domin akwai dubban takardun bincike da aka wallafa a kan sinadarin da ke ba kurkum launinsa na rawaya, wato kurkumin (curcumin a Turance), kuma da yawa daga cikinsu sun nuna cewa yana taɓa ayyukan da ke gudana a cikin ƙwayoyin halittar jiki. Sai dai mafi yawan wannan bincike an yi shi ne a kan ƙwayoyin halittar da aka raina a faranti a ɗakin gwaje-gwaje, ko kuma a kan ɓeraye, alhali kuwa duk abin da mutum ya haɗiya sai ya bi ta hanji da hanta kafin ya isa ko'ina. A wannan hanya ce yawancin alkawuran da ake yi da sunan kurkum suke karyewa.

Kurkum saiwa ce 'yar gidan su citta, kuma ƙasar Indiya ce take noma mafi yawan abin da duniya ke amfani da shi, inda garuruwa irin su Erode da Sangli da Nizamabad suka yi suna wajen cinikinsa. A shekarar 1815 wasu masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara ware sinadarin rawayan daga saiwar, amma sai a 1910 wasu masana 'yan ƙasar Poland suka gano yadda ginin sinadarin yake. Adadinsa a garin kurkum kaɗan ne, bai cika wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba. Ke nan ƙaramin cokali ɗaya na garin, wanda nauyinsa bai wuce giram 3 ba, yana ɗauke da kurkumin kimanin miligiram 100, shi kuma wannan cokalin tukunya guda ake zuba wa, iyali su raba.

Akwai halin wannan sinadari da kowace mai girki za ta iya gani da idonta. Idan aka dama garin kurkum a ruwa za a ga rawaya, amma da zarar an jefa ɗan gutsuren kanwa sai ruwan ya juye ya koma ja. Haka nan idan ya ɓata farar riga aka goga sabulu a wurin, tabon yakan yi ja kafin a ɗauraye, idan kuma aka shanya rigar a rana sai tabon ya dusashe. Abin da wannan ke nunawa shi ne kurkumin ba sinadari ne mai zama daram ba: yana sauya siffa idan ruwan da yake ciki ya karkata daga tsami zuwa ɓangaren kanwa, haske kuma yana wargaza shi. Jinin ɗan Adam da ruwan ƙaramin hanji sun ɗan karkata zuwa wancan ɓangaren. A 1997 masu bincike a Taiwan suka zuba kurkumin a ruwan da aka daidaita shi kusa da yanayin jini, a zafin jikin mutum, suka tarar kusan kashi 90 cikin 100 ya lalace cikin minti 30, ko da yake furotin da ke cikin jini na gaske kan rage saurin wannan lalacewa.

Aikin da ya fi fitar da sunan kurkumin a kimiyya shi ne wanda ya shafi kumburi. Kumburi a asalinsa kariya ne, domin da shi jiki yake tara dakarun garkuwa a inda aka ji rauni ko inda ƙwayar cuta ta shiga, amma idan ya ƙi lafawa ya ɗauki shekaru yana ci a hankali, shi kansa yakan zama tushen ɓarna a gaɓɓai da hanji da jijiyoyin jini. A cikin ƙwayar halitta akwai wani furotin da ake kira NF-kB, wanda a lokacin lafiya wani furotin, IkB, yake riƙe da shi a wajen cibiyar da ke ɗauke da bayanan gado. Idan saƙon haɗari ya iso, sai wani rukunin furotin mai suna IKK ya yi wa IkB alama a rushe shi, NF-kB ya kuɓuta ya shiga cibiyar, ya kunna umarnin ƙera sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6 da COX-2. Wannan na ƙarshe yana cikin abin da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suke toshewa. A 1995 Sanjaya Singh da Bharat Aggarwal suka wallafa cewa kurkumin yana hana NF-kB kuɓuta a ƙwayoyin halittar da ke faranti, daga baya kuma wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu suka samu irin wannan sakamako, suka nuna cewa a matakin IKK ne yake yin katsalandan.

Hanya ta biyu ta fi wannan ban sha'awa, domin ta saɓa wa yadda ake bayaninta a talla. Ƙwayar halitta tana samun kuzari ne ta hanyar ƙona abinci da iskar oksijin a wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, kuma wannan ƙonawa tana fitar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu zafin nama waɗanda ke lalata kitsen bangon ƙwayar da furotin da bayanan gado. Ana yawan cewa kurkumin yana share waɗannan ɓurɓushi, kuma a cikin kwalbar gwaji yana yin hakan, amma a ƙwayar halitta mai rai abin da ya fi tasiri wani ne daban. A ginin kurkumin akwai wurare biyu masu saurin damƙar sinadarin farar wuta da ke jikin wasu furotin. Ɗaya daga cikin furotin ɗin shi ne Keap1, wanda aikinsa shi ne ya riƙa miƙa wani furotin mai suna Nrf2 ana rushewa. Idan kurkumin ya maƙale wa Keap1, sai Nrf2 ya taru ya shiga cibiyar ƙwayar, ya kunna umarnin ƙera kayan kariyar da jiki ke yi da kansa, irin su gulutatayon. Wato kurkumin yana ɗan tsokanar ƙwayar halitta ne, ita kuma ta mayar da martani da ƙara tsaro. Wani sinadari da ke cikin dangin kabeji yana aiki ta wannan hanya, haka ma wani magani da hukumomi suka amince da shi don wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, saboda haka hanyar ta gaskiya ce. Amma abin da ke tsokana idan yana kaɗan, yakan yi lahani idan ya yi yawa, kuma an ga cewa idan aka ƙara yawan kurkumin a faranti shi da kansa yake haifar da ɓurɓushin da ake cewa yana sharewa.

Daga nan ne maganar ciwon daji ta samo asali. Kowace lafiyayyar ƙwayar halitta tana da tsarin kashe kanta idan ta lalace fiye da gyara, ƙwayar daji kuwa ta kashe wannan tsari, shi ya sa take ta rarrabuwa ba tsayawa. A faranti, kurkumin yana rage furotin Bcl-2 da ke hana wannan mutuwa, yana rage saurin rarrabuwar ƙwayoyin, yana kuma rage saƙon da ƙari ke aikawa don a shimfiɗa masa sababbin jijiyoyin jini. Duk wannan an gani an kuma maimaita. Sai dai kashe ƙwayar daji a faranti ba abu ne mai wuya ba, sinadarai masu ɗimbin yawa suna yin haka, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka taɓa zama magani. Tambayar da ke raba su ita ce ko za a iya kai adadin da ya yi aiki a faranti zuwa inda cutar take a jikin mutum.

Ga kurkumin, amsar ba ta da daɗi. Ba ya narkewa a ruwa, don haka mafi yawan abin da aka haɗiya yana wucewa ne ya fita a bayan gida. Ɗan abin da ya ratsa bangon hanji kuma, tun a nan hanjin da kuma a hanta ake liƙa masa wasu sinadarai da ke rage masa ƙarfi su kuma sauƙaƙa fitar da shi ta maɗaciya da fitsari. A gwaje-gwajen faranti yawanci ana amfani da ma'aunin maikiromola (wato awon yawan sinadari a cikin ruwa) 5 zuwa 50, ana kuma barin ƙwayoyin a jiƙe cikinsa na sa'o'i masu yawa. A wani gwaji da aka wallafa a 2001 daga Taiwan, an ba majinyata har giram 8 na tsantsar kurkumin a kullum na tsawon wata 3, amma mafi yawan abin da aka auna a jininsu bai kai maikiromola 2 ba. Kafin mutum ya samu giram 8 daga garin kurkum na kasuwa, sai ya ci fiye da rubu'in kilo a rana. A wani gwajin na 2006 a Amurka an ba masu lafiya daga rabin giram har zuwa giram 12 a lokaci guda, kuma a jinin mutum biyu kacal aka iya gano shi, su ma daga cikin waɗanda suka sha giram 10 da 12.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda ta shafi amincin sakamakon farantin kansa. A 2017 Kathryn Nelson da Michael Walters na Jami'ar Minnesota tare da abokan aikinsu suka wallafa wani dogon nazari da ya girgiza masu wannan fanni, inda suka sanya kurkumin a jerin sinadaran da ke yaudarar na'urorin gwaji. Dalilansu a bayyane suke. Kurkumin yana da launi, yana kuma ƙyalli a ƙarƙashin wani irin haske, alhali gwaje-gwaje da yawa da launi ko ƙyalli ake auna sakamakonsu. Yana dunƙulewa ya rufe furotin, yana kama ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da tagulla, yana taɓa bangon ƙwayar halitta, yana kuma wargajewa ya zama wasu sinadarai daban tun ana cikin gwajin. Halinsa kamar na ƙarangiya ne, wadda ke maƙale wa duk rigar da ta gifta, don haka idan aka ce yana da alaƙa da furotin sama da ɗari, wannan ba yabo ba ne a wurin masu haɗa magani, domin su abin da suke nema shi ne sinadarin da zai kama abu guda ya bar saura. Marubutan sun ce a cikin gwaje-gwaje fiye da 120 da aka yi a kan mutane zuwa lokacin, babu wani mai cikakken tsari da ya tabbatar da kurkumin a matsayin magani. Wasu masana sun mayar da martani cewa an yi tsauri da yawa, kuma suna da ɗan abin kamawa, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne Bharat Aggarwal, wanda ya fi kowa yaɗa sunan kurkumin a binciken ciwon daji daga cibiyar MD Anderson da ke Houston, mujallu sun janye takardunsa fiye da 20, akasari saboda matsalar hotunan da aka gabatar a matsayin hujja, kuma ya bar aiki a ƙarshen 2015. Wannan bai rushe duk abin da aka sani ba, tun da wasu sun tabbatar da batun NF-kB da kansu, amma takardun da aka janye an riga an kafa hujja da su sau dubbai, kuma har yau ana ɗauko maganganunsu ana sakawa a tallace-tallace.

Idan aka dawo kan gwajin da aka yi wa mutane kai tsaye, inda ake raba majinyata gida biyu a ba wasu kurkumin wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba, sai a ga sakamakon ya rabu ta hanyar da ta dace da abin da aka faɗa a kan hanji. Inda aka fi samun alamar amfani shi ne a cutar gyambon babban hanji mai yawan dawowa, kuma hankali zai karɓi hakan, domin a nan sinadarin ba ya bukatar shiga jini, yana gogar wurin ciwon ne a kan hanyarsa ta fita. A wani gwaji na Japan da aka wallafa a 2006, an ƙara wa majinyata giram 2 a kullum a kan maganinsu na asibiti na wata 6, cutar ta dawo wa mutum 2 cikin 43, alhali a ɗaya rukunin ta dawo wa 8 cikin 39. A lura cewa ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. A ciwon gwiwa na zaizayewar guringuntsi ma akwai ɗan haske: wani gwaji a Thailand mai mutum 367 ya nuna cewa tsantsar kurkum ta yi kusan daidai da ibuprofen wajen rage zafi cikin mako 4, wani kuma a Tasmania ta Ostireliya a 2020, mai mutum 70, ya samu ragin zafi na kusan maki 9 a ma'auni mai maki 100, amma hoton cikin gwiwar bai nuna kumburin ya ragu ba. Sauƙi ne matsakaici na ɗan lokaci, ba gyaran gwiwa ba.

A sauran wurare labarin ya sha bamban. Gwaje-gwajen cutar mantuwa ta Alzheimer a Hong Kong da Los Angeles ba su nuna amfani ba. A 2018 an gwada giram 3 a kullum na shekara guda a kan mutum 44 masu wata cutar gado da ke fitar da tsiro a hanji wanda kan rikiɗe ya zama daji, ba a ga bambanci ba. A wannan shekarar kuma aka wallafa gwajin da ya fi yawancinsu girma da tsari, wanda aka yi a asibitoci 10 na Kanada a kan mutum 606 da za a yi wa tiyatar babbar jijiyar jini ta ciki. Kurkumin bai rage alamun kumburi ko na lahanin gaɓoɓi ba, kuma raunin ƙoda ya fi yawa a waɗanda suka sha shi, kashi 17 cikin 100, a kan kashi 10 a ɗaya rukunin. Akwai wani gwaji na Thailand na 2012 da ake yawan ambata, inda a cikin mutum 240 da ke dab da kamuwa da ciwon suga babu wanda ya kamu a rukunin kurkumin cikin wata 9, alhali kashi 16 cikin 100 na ɗaya rukunin sun kamu. Sakamako ne mai jan hankali, amma irin wanda ya yi kyau har sai an nemi a maimaita shi a wasu ƙasashe kafin a gina hukunci a kansa. Zuwa yau hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da kurkumin a matsayin maganin kowace cuta ba.

Kamfanonin da ke sayar da shi a kafso sun san matsalar shigarsa jini, kuma dabarar da suka fi amfani da ita ta fito ne daga wani ƙaramin gwaji da aka yi a Bangalore a 1998, wanda ya nuna cewa idan aka haɗa giram 2 na kurkumin da miligiram 20 na fiferin, sinadarin da ke ba masoro yajinsa, abin da ke shiga jini yana ninkawa kusan sau 20. Fiferin yana yin haka ne ta hanyar dakatar da aikin tacewar da hanji da hanta suke yi, kuma wannan tacewa ba kurkumin kaɗai take yi wa ba. An nuna cewa fiferin yana ɗaga yawan wasu magungunan farfaɗiya a jini. A Rotterdam kuma an gano a 2019 cewa kurkumin, musamman haɗe da fiferin, yana rage ƙarfin tamoxifen a jinin matan da ke shan sa saboda ciwon dajin mama, wato abin da ake sha da niyyar yaƙar daji yana iya raunana maganin dajin na gaske.

A ganina, a nan ne mai karatu ya fi bukatar natsuwa, domin tsohon dalilin da ya sa ake cewa kurkum ba ya cutarwa shi ne ba ya shiga jini sosai, kuma wannan dalili ne sababbin kafso suke kawarwa. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun tattara rahoton mutane fiye da 20 da suka kamu da kumburin hanta bayan shan irin waɗannan kayayyaki, daga baya aka wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalaben. A Amurka, wata ƙungiyar likitoci masu bibiyar lahanin da magunguna ke yi wa hanta ta wallafa bayanin mutum 10, inda 5 suka kwanta a asibiti, 1 ya rasu, kuma 7 daga cikinsu suna ɗauke da wata alamar gado ta garkuwar jiki mai suna HLA-B*35:01. Wannan ya nuna cewa a wasu mutane garkuwar jikinsu ce take juyowa kan hanta, kuma babu wanda ya san ko yana cikinsu kafin abin ya faru. Hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023 bayan rahotanni 18. Lahanin ba ya faruwa ga mafi yawan masu sha, amma yakan bayyana cikin wata 1 zuwa 4 da farawa, da alamun shawara a ido, fitsari mai duhu, tashin zuciya da kasala, kuma yawanci yana lafawa idan an daina da wuri. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade cewa kada kurkumin da mutum ke ci ya wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 180 ga mai kilo 60, alhali kafso ɗaya yakan ɗauki miligiram 500. Wannan lissafi yana da nauyi a Najeriya, inda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba tare da sun sani ba. Mai wannan cuta, da mai tsakuwar maɗaciya, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da mace mai juna biyu, duk bai kamata su fara shan kafson ba sai da sanin likita.

Kurkum na tukunya ba ya cikin wannan gargaɗi, domin adadinsa kaɗan ne kuma an daɗe ana cin sa haka. Haɗarinsa, idan akwai, daga algus yake zuwa. A Bangladesh, masu bincike daga Jami'ar Stanford tare da wata cibiyar lafiya ta Dhaka sun gano a 2019 cewa wasu masu sarrafa kurkum suna shafa wa busasshiyar saiwar wani rini mai rawaya da ake yi da dalma domin ta yi kyan gani a kasuwa, kuma wannan ya shiga cikin dalilan hauhawar dalma a jinin mata masu ciki a karkara. Duk wanda ya tuna da yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san abin da wannan ƙarfe yake yi wa ƙwaƙwalwar yaro, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Da yake a kan saiwar ake shafa rinin tun kafin a niƙa, sayen busasshiyar saiwa maimakon gari bai isa kariya ba, ɗanyar saiwar da ba a goge ba ce ta kuɓuta daga wannan. Bayan gwamnatin Bangladesh ta shiga kasuwanni da na'urar gwaji ta hannu, ta ci tarar waɗanda aka kama, ta kuma yi ta shela, samfuran kasuwa masu ɗauke da dalma sun sauko daga kashi 47 cikin 100 a 2019 zuwa babu ko ɗaya a 2021.